Damisa Ƙi Sabo: Sunan Dabba a Bakin Iyakar Jibiya

Babu jaguwa a dazukan ƙasar Hausa, ba a kuma taɓa samun ta a ko'ina cikin Afirka ba, domin dabba ce ta nahiyar Amurka wadda mazauninta ya tashi daga Meziko ya gangara har arewacin Ajantina, kuma a dangin kyanwa gaba ɗaya zaki da damisar Asiya mai ratsi-ratsi ne kaɗai suka fi ta girman jiki. Duk da haka sunanta ya daɗe da isowa Nijeriya, sai dai a jikin ƙarfe ya iso: kamfanin motoci na Ingila da ya fara liƙa wa motarsa sunan Jaguar a 1935 ya mayar da shi sunan kamfanin kansa a 1945, marubuci Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya ari sunan motar ya raɗa wa tauraruwar littafinsa Jagua Nana na 1961, sannan rundunar sojan saman Nijeriya ta karɓi jiragen yaƙi masu wannan suna a 1984. Saboda haka direban da ke jiran a duba takardunsa a Magama, bakin iyakar Jibiya da Jamhuriyar Nijar, idan ya ji an ce jaguwa mota ce za ta faɗo masa a rai, dabbar da ta ba motar suna kuwa, in aka nuna masa hotonta, ba zai yi wata-wata ba zai ce damisa ce.

Amsar tasa hanya ce da kowane harshe yake bi idan ya yi karo da baƙon abu, wato ya ɗauko sunan abin da ya sani ya yafa wa wanda bai sani ba. Da haka Bahaushe ya sami raƙumin dawa da jakin dawa, da haka kuma Girkawan dā suka haɗa sunan raƙumi da na damisa suka kira raƙumin dawan, saboda wuyansa na raƙumi ne, roɗi-roɗin jikinsa kuwa na damisa. Sifaniyawan da suka ci daular Aztek a 1521 su ma sunan damisar Asiya suka ba jaguwa, kuma har yau mutanen karkara da yawa a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci da shi suke kiran ta. Abin da ya sami kalmar a gidanta ya fi wannan ban sha'awa. Asalinta daga harsunan Tufi da Gwarani na Amurka ta Kudu take, amma bayan Turawa sun zo da karnukansu sai masu magana da Gwarani suka ba kare tsohon sunan, har ya zama dole a ƙara wa dabbar dajin ɗafi mai ma'anar "ta ainihi" kafin a gane ita ake nufi, aka ce jagwarete. Irin wannan ne ya sami jirgi a Hausa, wanda a da shi kaɗai ya isa ya nuna abin da ake haye kogi da shi, amma da na ƙasa da na sama suka zo sai mai asalin sunan ya koma neman ƙarin bayani, ana ce masa jirgin ruwa. Masana dabbobi dai suna raba su da alamomi bayyanannu: jaguwa ta fi kauri da girman kai, zoben da ke fatarta yana da ɗigo a tsakiya alhali na damisa ba shi da shi, tana son ruwa har tana kama kada, kuma takan huda ƙoƙon kan abin farautarta da haƙori, yayin da damisa take shaƙe wuya sannan ta ja naman ta hau bishiya da shi.

Jibiya wuri ne da ya dace da wannan nazari, saboda a nan ne kalma ɗaya ta Hausa take kwana ƙarƙashin harsunan mulki biyu. Layin da Ingila da Faransa suka yi ta ja a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, wanda tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta kafa masa alamu tsakanin 1906 da 1908, ya bar Katsina a hannun Ingila ya bar Maraɗi a hannun Faransa, alhali sarautar Maraɗi sarautar Katsina ce da ta yi hijira bayan masu jihadi sun ci birnin a 1807, shi ya sa har yau ake ce wa mai riƙe da ita Sarkin Katsinan Maraɗi. Ɗalibi a Ɗan Isa ko Madarumfa yana koyon sunan dabbar da Faransanci, takwaransa na Jibiya yana koyon sa da Ingilishi, kuma kowanne cikin harsunan biyu ya raba mai roɗi-roɗi da mai ratsi-ratsi da suna dabam, amma idan yaran biyu suka haɗu a kasuwa damisa ɗaya ce a bakinsu. Larabci ma haka ya yi da kalmar namir, wadda take ɗaukar dabbobin biyu.

A wurin mutanen dā na Meziko da Amurka ta Tsakiya, jaguwa ta wuce naman daji. Al'ummar Olmek, waɗanda wayewarsu ta yi ƙarfi tsakanin wajen shekara ta 1200 da ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa, sun bar sassaƙe-sassaƙe na wata halitta mai fuskar da ta haɗa ta mutum da ta jaguwa. Mutanen Maya suna kiran ta balam, kuma sarakunansu sun sa kalmar cikin sunayen sarautarsu, kamar yadda aka samu a rubuce-rubucen birnin Yashilan, sannan a cikin babbar dalar Cicen Itza an tarar da karagar dutse mai siffar jaguwa, an shafe ta da jan launi an yi mata roɗi-roɗi da koren dutse mai daraja. Sun ɗauka cewa rana idan ta faɗi siffar jaguwa take ɗauka ta ratsa ƙarƙashin ƙasa kafin ta sake fitowa, don haka dabbar ta zama ta dare da kogo da lahira. Aztek kuwa suna da rukunin mayaƙa masu sa tufar jaguwa, waɗanda ba sa samun wannan matsayi sai sun kamo abokan gaba da rai a fagen fama, kuma a kalandarsu ta ibada mai kwana 260 alama ta 14 cikin alamomin ranaku 20 ta jaguwa ce, wanda aka haifa a ranarta ana ganin ya ɗauko wani abu na halinta. Bahaushen da yake kiran ɗansa Ɗanladi ko 'yarsa Talatu ya san yadda ranar haihuwa take bin mutum, ko da yake shi a suna kaɗai ya tsaya. A can dajin Amazon, masanin al'adu Reichel-Dolmatoff ya nuna a littafinsa na 1975 cewa a wurin mutanen Tukano kalma ɗaya ce take nufin jaguwa take kuma nufin boka. Abin lura a duk waɗannan misalai shi ne babu inda mutum ya zauna ya zaɓi jaguwa don ta burge shi: ko dai ya gaje ta tare da gadon sarauta, ko ya saye ta da jininsa a yaƙi, ko ranar haihuwarsa ta ɗora masa ita, ko ya sha wahalar koyon bokanci kafin a yarda ya isa.

Abin da ake yayatawa yau a littattafan gyaran rayuwa da shafukan intanet da sunan dabbar ƙarfi, wato wata dabba da ake cewa tana rakiyar ruhin mutum tana ba shi kuzari da basira, sabon gini ne da aka yi da tsofaffin tubala. Ba'amurke Michael Harner, wanda ya yi bincike tsakanin mutanen Shuwar na Ekwado da Konibo na Peru, shi ne ya yaɗa wannan lafazi da littafinsa The Way of the Shaman na 1980, inda ya tsamo dabaru daga al'ummu dabam-dabam ya shirya su yadda kowane mai karatu zai iya gwadawa a ɗakinsa. A wannan sabon fasali an cire dangi da gari da hani da tsoro, abin da ya saura shi ne mutum ɗaya da dabbar da yake jin ta dace da halinsa.

Hausa tana da kalmar da za a iya zaton ta yi daidai da wannan, wato kan gida, amma zaton yana rushewa da zarar an duba abin da take nufi. A al'adar Maguzawa da Anna, waɗanda suka riƙe addinin gargajiya a karkarar Kano da Katsina da kwarin Maraɗi, kan gida wata dabba ce ko tsuntsu ko maciji da zuriya take da alaƙa da shi ta wajen uba, ba ta kashe shi ba ta kuma cin namansa. Palmer, wanda ya yi aikin mulki a Katsina, ya yi rubutu a kan ragowar wannan al'ada a 1910, Greenberg kuma, bayan zamansa cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya yi bayanin addininsu a littafinsa na 1946. Kalmar kanta ta faɗi yadda abin yake, domin na gida ne, an haifi mutum ya tarar da shi kamar yadda ya tarar da tsagar fuskar gidansu da gonar gandu, kuma abin da yake ɗora masa wajibi ne da hani. Turawa sun kira irin wannan alaƙa totem, kalmar da suka aro daga harshen Ojibwe na Amurka ta Arewa, inda take nuni da dangin da mutum ya fito daga cikinsa.

Bori ya ma juya lissafin gaba ɗaya. A harshen 'yan bori wanda iska ya hau shi ne doki, in mace ce goɗiya, ke nan ɗan Adam ne dabbar hawa, iskan kuma shi ne mahayi mai riƙe da linzami, ko da iskan mai siffar dabba ne kamar Kure, namijin kura. A Maraɗi, inda bori ya zauna a inuwar fada ƙarƙashin jagorancin Iya, an yi wannan nazari sosai, musamman a aikin Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972. Sai kuma rikiɗa, wato imanin cewa wasu mutane suna iya komawa dabba, wanda a bakin Hausawa ya fi karkata ga kura, kuma ba abin alfahari ba ne a ce wane yana rikiɗa, zargi ne da ke kusa da na maita. Inda damisa ta fito fili a wannan fage shi ne labarin Sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa a Nijar, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, domin littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin da Med Hondo ya yi daga cikinsa a 1986 sun danganta ta da damisa. Ba abin mamaki ba ne cewa mace ce ta ɗauki wannan siffa, tunda kalmar damisa a nahawun Hausa tamace ce, kuma ba abin mamaki ba ne cewa wadda ta ƙi miƙa wuya ce.

A nan ne ake isa ga kirarin da ya tattara abin da Bahaushe ya gani a wannan dabba: damisa ƙi sabo. Kirari, wato gajeren zance na yabo ko siffantawa da ake yi wa mutum ko dabba ko gari, yakan kama hali ɗaya ya tsaya a kansa, kuma halin da aka kama a nan ba ƙarfi ba ne, ba kyan fata ba ne, ƙin sabo ne. Rubutun boko, da yake ba ya nuna karin sauti, yana rubuta sabo na sabawa daidai da sabo kishiyar tsoho, lanƙwasar harafi ɗaya ce kuma ta raba su da saɓo na ƙin bin umarnin Ubangiji, amma kunnen mai harshen ba ya haɗa su, kuma na farkon ne kirarin yake nufi. Sabo a zaman Hausawa babban jari ne. Da shi ɗan kasuwar Maraɗi yake sauka gidan dillalinsa a Jibiya ya bar kayansa ba tare da takarda ba, da shi ake ba da bashi a jira kaka, da shi direba yake sanin wanda zai gaisar da wanda zai kauce wa a hanya. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya a watan Agusta na 2019, inda ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, da kuma lokacin da aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, zumunci da aure da bashi tsakanin ɓangarorin biyu a kan sabo suka ci gaba da tafiya. Amma Bahaushe bai amince wa sabo ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa ya ce sabo turken wawa, ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, ya kuma tambayi ido wa ya raina aka ce wanda yake gani kullum. Sabo yana ɗaure mutum, yana kuma zubar da kwarjini.

Idan aka auna manyan namun daji da wannan ma'auni sai a ga kowanne an sama masa gurbi cikin zaman mutane ban da damisa. Zaki an naɗa shi sarkin dawa, an kuma ɗauko sunansa an kai fada, inda ake gaishe da sarki da shi, har a zamanin mulkin mallaka aka riƙa ce wa Baturen mulki zaki. Mai sarauta kuwa, komai zafinsa, yana da ƙofa da fadawa da lokacin da ake ganin sa. Kura, duk da tsoron da ake yi mata da dare, gardi yana sa mata takunkumi ya ja ta zuwa kasuwa, har aka ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, a tatsuniya kuma ita ce Gizo yake yi wa wayo kullum. Dila an ba shi malanta. Damisa ba a ba ta sarauta ba, ba a ja ta kasuwa, ba ta kuma kai waɗancan yawan fitowa a tatsuniya ba, kuma wannan ya yi daidai da yadda take rayuwa, domin ita kaɗai take yawo, da dare take farauta, tana iya zama kusa da ƙauye shekara da shekaru ba a gan ta ba sai sawunta da akuyar da ta ɓata. Idan aka yi wa mutum wannan kirari, yabo ne da gargaɗi a haɗe: ana nufin ba a raina shi, ana kuma nufin daɗewa tare da shi ba ta sa a san inda ya sa gaba. Jama'a suna son alƙali ko ma'aikaci ya zama mai ƙin sabo idan shari'ar wani ce a gabansa, suna jin haushinsa idan tasu ce.

A kudancin Nijeriya abin ya sha bamban, domin a can damisa ce dabbar mulki: Oba na Benin yana da damisoshin hauren giwa masu roɗi-roɗin tagulla waɗanda sojan Ingila suka kwashe a 1897, ƙungiyar Ekpe ta ƙasar Kalaba kuma sunanta ma damisa yake nufi a harshen Efik. Wannan ya fi kusa da matsayin jaguwa a wurin Maya fiye da duk abin da ke ƙasar Hausa, inda fili da sarari suka ba zaki da giwa da ɓauna rinjaye a bakin maroƙa.

Musulunci ya yi iyaka a wannan batu, ya bar kamance ya hana dogaro. Masu nazarin adabin Hausa suna da kalmar dabbantarwa, wato a ba mutum siffar dabba a cikin zance don a fito da wani halinsa, kuma wannan salo yana da gindin zama, tunda ana kiran Sayyidina Hamza zakin Allah, sunan Haidar da ake yi wa Sayyidina Ali ma zaki yake nufi. Neman tsari ko ƙarfi daga dabba ko iskan da ke tare da ita kuwa malamai sun sa shi cikin shirka. A littafin Sunan na Abu Dawuda akwai hadisin da ya hana hawa a kan fatar damisa, kuma daga cikin dalilan da masu sharhi suka bayar akwai girman kai da alfaharin da ke tattare da hakan, wato dai ma'anar da manyan Aztek suke nema lokacin da suke zama a kan fatar jaguwa ita ce aka ƙi.

Kalmar ta shiga tarihin Arewa ta wata ƙofa mai ɗaci. Atisayen dare da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya shirya wa sojoji a Kaduna, wanda ya zama mayafin juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, Damisa aka sa masa suna, kuma a wannan dare ne aka kashe Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, tare da matarsa Hafsatu a gidansa. Sojoji da yawa da suka fita atisayen ba su san abin da aka fito da su yi ba sai da aka isa. Sunan ya dace da aikin ta fuskar dare da sanɗa da faɗowa ba zato, kuma wanda ya san kirarin yana jin wani abu ƙari a cikinsa, domin waɗanda suka yi aikin ba baƙi ba ne a garin.

Yau damisar kanta ta ja baya daga mafi yawan inda take a Afirka ta Yamma, saura tsiraru a manyan gandayen da ake tsaro kamar gandun W da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. Dajin Rugu da ke kudu da Jibiya da na Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi, waɗanda a da maharba da makiyaya da masu neman itace da saiwoyi suke shiga, yanzu idan aka ambace su ana ambaton 'yan bindiga ne, har kalmar daji ta ɗauki sabon nauyi, kuma idan mutumin Jibiya ko Batsari ya ce mutanen daji ba iskoki yake nufi ba. Fatar damisa da ta jaguwa duka suna cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, Nijeriya kuma ta kafa dokarta a kan haka a 1985, saboda haka fatar da mai maganin gargajiya zai so ya yanka ya naɗe laya da ita haramtaccen kaya ce a shingen kwastan na Magama. Kirarin ya fi dabbar yawa a ƙasar yanzu, kuma yawancin masu faɗin sa a hoto ko a waya kaɗai suka gan ta.

Mai fassarar da ya ci karo da jaguwa ya rubuta damisar Amurka bai yi laifi ba, ya bi hanyar da ta haifi raƙumin dawa, kuma mai karatu a Jibiya da na Ɗan Isa duk za su gane shi. Wanda ya ci karo da dabbar ƙarfi ta littattafan zamani ya fassara ta da kan gida kuwa ya yi kuskure, domin ya ba abin da mutum yake zaɓar wa kansa sunan abin da ake gada, kuma idan dabbar da aka zaɓa ɗin damisa ce, sai ya ƙara wa mai karatu bayanin cewa a Hausa an san ta ne da ƙin yarda da irin wannan kusanci.